Malamin Firamaren da Ya Mulki Peru: Gani ga Wane

'Yan'uwa malamai, duk sa'ad da albashi ya makara ko ƙarin girma ya maƙale, akan sami mai miƙewa a taron reshe ya ce maganin kukanmu guda ne: mu ɗora namu a kan mulki. Muna roƙon masu wannan ra'ayi su dubi abin da ya faru a ƙasar Peru, ta Kudancin Amurka, kafin su sake ɗaga murya.

Pedro Castillo namu ne ta kowace fuska. An haife shi a 1969 a ƙauyen Puña na yankin Cajamarca, ɗan manoma waɗanda ba su iya karatu ba. Ya shafe fiye da shekara 20 yana koyarwa a firamaren karkara. A 2017 ya jagoranci yajin aikin malamai na sama da wata biyu, wanda ya fito da sunansa. A 2021 ya tsaya takara da alamar fensir, ya kayar da Keiko Fujimori da ratar ƙuri'a kimanin 44,000, aka rantsar da shi ranar 28 ga Yuli.

Ba mu musanta cewa an yi masa taron dangi ba. A wancan lokaci dokokin Peru sun ba majalisa mai kujeru 130 ikon tsige shugaba da ƙuri'a 87 bisa hujjar gurɓacewar ɗabi'a, hujjar da kowa ke fassarawa yadda ya so. Sau biyu 'yan adawa suka gwada, a Disamban 2021 da Maris na 2022, ba su yi nasara ba. Manyan birnin Lima sun raina malafarsa da lafazinsa na ƙauye, kuma wannan raini babu malamin firamaren da bai ɗanɗana irinsa ba.

To amma raini ba ya wanke mai laifi. Cikin wata 16 Castillo ya naɗa firaminista biyar, ministoci kuwa sai shiga da fita. Masu gabatar da ƙara sun buɗe binciken cin hanci a kansa da na kusa da shi. Ranar 7 ga Disamba, 2022, ana shirin ƙuri'ar tsigewa ta uku, ya fito a talabijin ya ce ya rushe majalisa, ya kafa dokar hana fita. Sojoji da 'yan sanda suka ƙi bin sa, ministocinsa suka yi murabus, 'yan majalisa 101 suka tsige shi, aka kama shi a ranar. Wa ya biya bashin? Talakawan da suka zaɓe shi, waɗanda gommansu suka mutu a zanga-zangar da ta biyo baya.

Kada wani ya ce muna nufin malami bai isa mulki ba. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alhaji Shehu Shagari da Malam Aminu Kano duk sun riƙe alli. Abin da muke faɗi shi ne alli ba shaidar adalci ba ce, kuma iya haɗa yajin aiki dabam yake da iya riƙon ƙasa. Wanda ya nemi haƙƙinsa da doka a hannu, ranar da ya taka dokar ya ba maƙiyansa wuƙar yanka shi.

Saboda haka kada mu jinginar da ƙungiyarmu ga kujerar mutum ɗaya. Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu, ko da ofis ɗaya muke zama, mu miƙa masa buƙatunmu a rubuce: albashi a kan kari, ƙarin girma, fansho, azuzuwa masu rufi. Mu kuma fara daga gida, mu tambayi shugabannin reshenmu lissafin kuɗin da ake cira daga albashinmu kowane wata. Wanda ya kasa amsa wannan tambaya a ɗakin taronmu, ba zai amsa ta ba idan ya shiga gidan gwamnati.