Tayil ba ya maganin sanyin aji

Iyaye da malaman Tounouga, duk wanda ya kawo maganar sa tayil a makaranta wajen taro, ku tambaye shi: yaro a kan me zai zauna da hunturu? Tayil sanyi gare shi. Turawa sun san haka, shi ya sa suke shimfiɗa wayoyin lantarki a ƙarƙashinsa su ɗumama daɓe. Mu da wace wuta? A watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki, Yamai ma duhu ta kwana, balle ƙauyukan Gaya.

Kuma sanyinmu na Disamba da Janairu ne kawai. Da Afrilu, iska muke nema.

Kuɗin karo-karon iyaye ba su da yawa. A sayi benci da tabarma, a gyara tagogi, a fara tara bulo. A Nuwamban 2021 gobara ta kashe yara sama da 20 a azuzuwan zana a Maraɗi. Muddin akwai yaron da ke karatu cikin zana, sayen tayil almubazzaranci ne. A bari sai an gama gini.