RA'AYI: Mintuna biyar na farkon fim ɗin matasa sun fi lambar shekaru faɗin gaskiya

A gidaje da dama na ma'aikata a Abuja, hanyar tantance abin da yara za su kalla ba ta wuce duba lambar da ke kusurwar allo ba. Idan an ga 12 ko 15 sai hankali ya kwanta, idan 18 ce sai a canza tasha. Wannan lamba, ko ta Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ce ko ta Netflix, tana auna zagi da tsiraici da tashin hankali ne. Ba ta faɗa wa uba wanda fim ɗin yake so ɗansa ya goya wa baya, ko wanda yake so ya raina. Wannan hukunci ana yanke shi ne a mintunan farko, sau da yawa kafin jarumi ya buɗe baki, kuma babu nau'in fim da ya ƙware a wannan aiki kamar fina-finan matasa na Amurka.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne The Breakfast Club, wanda John Hughes ya rubuta kuma ya ba da umarni, aka fitar da shi a 1985. Labarin ɗalibai biyar ne da aka yi wa horon wuni a ɗakin karatun makaranta ranar Asabar. Fim ɗin ya fara da hotunan makaranta babu kowa: dogayen baranda, akwatunan ajiyar ɗalibai, rubuce-rubucen ɓarna a jikin katako, yayin da muryar wani yaro ke karanta wasiƙar da ya rubuta wa malamin da ya tsare su. Kafin a ga fuskar kowa, mai kallo ya riga ya san duniyar da ya shiga, ya kuma san da bakin wa za a ba shi labari.

Sai isowar yaran, kuma nan ne gwanintar take. An sauke Claire daga motar mahaifinta ƙirar BMW, yana lallashinta kamar shi ya yi laifin. Brian ya zo tare da mahaifiyarsa da ƙanwarsa, uwar na matsa masa ya nemi hanyar yin karatu ko a cikin horon. Mahaifin Andrew bai damu da laifin da ɗansa ya aikata ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne an kama shi, kuma hakan na iya taɓa makomarsa a wasan kokawa. Bender ya iso a ƙasa, shi kaɗai, ya ratsa gaban mota ko waiwaye bai yi ba. Daga kujerar bayan wannan motar Allison ta fito, ta matso za ta yi sallama da wanda ya kawo ta, motar ta ja ta bar ta a tsaye.

Cikin ɗan wannan lokaci an bayyana arzikin gidan kowa da irin tarbiyyarsa da ciwon da ke ransa. Abin lura ga iyaye shi ne inda aka ɗora alhakin. A kowace mota, babba ne ya gaza: wani ya sangarta, wata ta takura, wani ya sake, wani ma bai zo ba. Ba a ba babban damar kare kansa ba, domin kyamara ta bi yaron cikin makaranta, shi kuma ya tafi. Hughes bai yi ƙarya ba, irin waɗannan iyaye suna nan a ko'ina. Sai dai yaron da ya kalli fina-finai ashirin masu wannan tsari ya sha darasi guda sau ashirin ba tare da an taɓa furta shi ba.

Clueless na Amy Heckerling, wanda ya fito a 1995, ya bi wata hanya. An buɗe shi da gajerun hotuna masu saurin wucewa na matasa masu kuɗi a mota da kanti da bakin wurin ninƙaya, tamkar tallar man shafawa, har ita jarumar, Cher, ta yi ba'a da hakan. Daga nan muryarta ta tabbatar wa mai kallo cewa rayuwarta irin ta kowace yarinya ce, alhali hoto na nuna ta tana zaɓen kayan makaranta da kwamfuta a katafaren gida a Beverly Hills. Tazarar da ke tsakanin abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani ita ce ta sanar cewa wannan fim ne na barkwanci, kuma Cher mai kirki ce amma ba ta san duniya ba. Wanda bai kama wannan ba zai ɗauka ana yabon almubazzaranci ne, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu na iya kasa kamawa.

A 10 Things I Hate About You na 1999, sauti kaɗai ya yi aikin. 'Yan mata huɗu na rausaya da waƙar yayi a buɗaɗɗiyar mota, sai Kat ta tsaya gefensu a tsohuwar mota, kiɗanta mai kaushi ya danne nasu.

Akwai buɗewar da ta shafi mai kallo na nan kai tsaye. Mean Girls na 2004 ya fara da kyamara a ƙasa tana kallon iyaye biyu daga inda ƙaramin yaro zai hango su, suna miƙa abincin makaranta suna jaddada lambar wayar gida. Da hoto ya juya sai ga budurwa 'yar shekara 16, Cady, wadda ba ta taɓa zama a aji ba. Dabarar ta yi kyau, ta nuna shagwaɓar iyaye da rashin wayewar yarinya a lokaci guda. To amma dalilin rashin wayewar, a cewar fim ɗin, shi ne ta yi shekara 12 a Afirka tare da iyayenta masu binciken dabbobi. Ba a ambaci ƙasa ko gari ba. Nahiya guda ta zama daji da namun dawa, daga baya kuma aka riƙa kwatanta rikicin ɗalibai da faɗan dabbobi a mashaya. Lambar shekaru ba ta da abin cewa a kan wannan.

Tsarin ya riga ya iso gida. Far From Home, shirin matasa na Najeriya da Netflix ta fitar a 2022, ya ɗauki ɗan talaka ya jefa shi makarantar 'ya'yan attajirai a Legas, da rukunonin ɗalibai irin waɗanda Hollywood ta saba zanawa. Masu shirya fim na cikin gida sun koyi karatun, saura masu kallo.

Hani ba zai yi maganin abin ba, tunda wayar na hannun yaro ko uba na ofis ko yana gida. Abin da ya fi sauƙi shi ne a zauna tare a kalli mintuna biyar na farko, a dakatar, a tambayi yaron wanda ya fi burge shi da abin da ya sa. Mai yiwuwa ya ce Bender, kuma da wuya ya lura cewa an zaɓar masa shi tun lokacin da aka sa shi ya shigo a ƙasa, sauran kuma a motocin iyayensu.