Raddi Ga Masu Cewa In Gilashi Ya Yi Nauyi a Sauya Inji

Akwai wata fatawa da ta zama jiki a garejoji. Da zarar gilashin tsohuwar a-kori-kura, irin Hilux ɗin nan da ta haura shekara 20 tana aiki, ya fara jan ƙafa wajen hawa, sai a yanke hukunci cewa ɗan injin lantarkin da ke cikin ƙofa ya gaji, a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo na Beljiyam. Masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba, suna da hujjoji huɗu, kuma kowacce ta cancanci amsa.

Hujjarsu ta farko ita ce tsufa. Suka ce injin da ya yi shekaru haka dole ƙarfinsa ya ragu.

Amsa ita ce shekarun mota daban, shekarun aikin wannan inji daban. Daƙiƙu kaɗan yake juyawa a kowane hawa ko sauka, sauran yini yana hutawa. Abin da ba ya hutawa shi ne robar da gilashi ke bi a gefen taga, wadda rana ke gasawa kullum, da giris ɗin da ƙurar hunturu ke cakuɗewa da shi. Injin lantarki mai lafiya ma yana rage gudu saboda ɗayan abu biyu: ko wutar da ke isa gare shi ta ragu, ko nauyin da yake ɗagawa ya ƙaru. Wanda bai kawar da waɗannan biyun ba, ba shi da hurumin tuhumar inji.

Ta biyu, suka ce fis bai ƙone ba, kuma an dangwala fitilar gwaji a soket ta kama, don haka waya lafiya take.

A nan kuskuren ya fi girma. Fitilar gwaji wuta kaɗan take ja, ko silin waya biyu ne suka rage za ta haska. Injin gilashi kuwa amfiya da yawa yake sha. Ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta warware zancen: wutar da ke ɓacewa a hanya daidai take da yawan abin da ake ja, a ninka shi da tirjiyar hanyar. A ƙaddara bakin maɓalli ya yi baƙi har tirjiyarsa ta kai rabin om, inji kuma yana jan amfiya 6. Bolt 3 sun tafi ke nan. Cikakken batir yana ba da bolt 12.6, amma 9.6 ne za su isa ƙofa, gilashi ya dinga hawa da ƙyar alhali injin garau yake.

Wurare biyu aka fi samun wannan asara. Na farko cikin maɓallin kansa, inda tartsatsin shekaru ke ƙona bakin tagulla. Na biyu cikin robar nan mai lanƙwasa tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi ke lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa har silinsu ya riƙa tsinkewa a ɓoye, fatar waje kuwa ba ta nuna komai ba. A yawancin tsofaffin motocin nan, layin ƙofar fasinja sai ya ratsa ta babban maɓallin direba, shi ya sa sau da yawa ita ke fara nauyi. Gwajin gaskiya shi ne a sa mita a soket ɗin inji yana haɗe, a danna maɓalli gilashi na tafiya, a kwatanta da abin da batir ke nunawa a wannan lokaci. In giɓin ya haura bolt 1, matsalar tana hanya.

Ta uku, suka ce ai in aka tallafa wa gilashin da tafin hannu yana hawa sumul, wannan ya nuna inji ba shi da ƙarfi.

Wannan shaida ba ta raba gardama, domin gilashin da roba ta shaƙe ma haka yake yi. Rarrabewa na buƙatar a cire marfin ƙofa, a kwance gilashin daga ƙarfen da ke ɗaga shi, a zame shi sama da ƙasa da hannu. In yana cijewa, sai a duba robar: za a tarar ta bushe ta tsattsage, ko ta cika da laka, ko ta goce daga mazauninta. Sannan a taɓa layin da tayoyin ƙarfen ke bi, inda tsohon giris kan daskare kamar ƙaro. A wanke, a sa sabo, a fesa wa robar man silikon. Masu ɗiga mata baƙin mai suna ƙara ɓarna ne, domin yana kumbura roba, yana kuma riƙe ƙura.

Ta huɗu ita ce wadda suka fi tinƙaho da ita: mun sha sauyawa, kuma ya gyaru.

Sai a tambaye su me suka yi kafin sabon injin ya zauna. Sun zare soket sun mayar, wanda hakan kaɗai kan kankare tsatsa. Sun shafa giris. Sun daidaita zaman gilashi. Wanne daga ciki ya yi maganin? Ko da sabon injin ne ya rinjayi nauyin, cutar tana nan, kuma za ta ci shi. Alamarta sananniya ce: gilashi ya tsaya a tsakiya, bayan ɗan lokaci ya ci gaba. Akwai ɗan makari a cikin irin waɗannan injuna da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, ya mayar in an huce, kuma yawan nauyi na cikin manyan abubuwan da ke jawo zafin. Sauya inji a wannan hali, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Adalci shi ne a yarda cewa inji yana mutuwa. Burushin gawayinsa na cinyewa, haƙoran giyarsa na roba na gugewa. Wanda ba ya tashi sai an bubbuga ƙofa, ana zargin burushinsa. Amma hukunci sai bayan gwaji. Wayoyi biyu ke shiga yawancin irin wannan inji, sai mai rewaya ya jawo wuta kai tsaye daga batir ta waya mai fis, ya haɗa, sannan ya juya wayoyin don ganin ɗaya ɓangaren. In ya yi gudu, an wanke shi. In gilashi na zamewa da hannu, wuta ta isa cikakkiya, amma har yanzu yana jan jiki, to nan ne sayen wani ya halatta. Ko a lokacin, ƙarfen ɗagawa mai siffar almakashi yakan zo da sifirin mai ƙarfi, dole a tokare gilashin a sama, a kuma kulle hannun ƙarfen kafin a kwance inji, in ba haka ba yana iya fizgewa ya datse yatsa.