WA MUKA BARI A BENCIN BAYA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata muna son mu juya ga makarantunmu na sakandare, waɗanda muka gina da guminmu da kuma na gwamnati da 'ya'yanmu suke cikinsu, domin mu yi wa kanmu tambaya guda ɗaya. Idan yara hamsin suka shiga aji ɗaya, shin matsayinsu ɗaya ne a idon malami da hukumar makaranta, ko kuwa akwai 'yan mowa da 'yan bora?

Mun san akwai daga cikinmu waɗanda da zarar sun ji ana maganar daidaito da tafiya da kowa a makaranta, sai su ce ai wannan yaren Turawa ne da ƙungiyoyin ba da agaji. Gaskiya ne cewa wasu daga cikin masu ɗauke da waɗannan kalmomi suna cusa abubuwan da Shari'a ba ta yarda da su ba, kuma ba mu ɓoye ƙinmu ga wannan ba. To amma kuskure ne babba mu yar da adalci don kawai wani ya ambace shi da harshensa. Adalci kayanmu ne tun kafin a san wata ƙungiya. A aya ta 13 ta Suratul Hujurat Allah (S.W.T.) Ya sanar da mu cewa asalin mutane ɗaya ne, kuma an rarraba su dangogi da ƙabilu ne domin su san juna, fifiko a wurinSa kuwa yana ga taƙawa. Wannan ma'ana Manzon Allah (S.A.W.) ya nanata a Hajjin Ban-kwana game da Balarabe da Ba'ajame, da fari da baƙi.

Akwai wani hadisi a cikin Sahihu Muslim da ya kamata ya hana mu barci. A cikinsa Annabi (S.A.W.) ya lissafa al'amura huɗu na Jahiliyya da za su wanzu a cikin al'umma: alfahari da asali, da sukar nasabar mutane, da danganta saukar ruwa ga taurari, da kururuwa a kan mamaci. Biyun ƙarshe mun yi wa'azi a kansu a kasuwanni da masallatai har muryoyinmu suka dushe, kuma alhamdu lillahi an ga amfanin haka. Biyun farko fa? Su ne muka bari suka shiga makarantunmu sanye da kayan makaranta, suka zauna a bencin gaba, ba wanda ya ce musu kanzil. Ta yaya mai da'awar raya Sunna zai ɗauki rabin hadisi ya bar rabi?

Duk wanda ya taɓa koyarwa ko ya yi makarantar kwana ya san abin da muke nufi. Ɗan mahauci, da ɗan maƙeri, da ɗan wanzami, ana yi musu gori da sana'ar iyayensu, wani lokaci ma daga bakin malami gorin yake fitowa, aji ya kwashe da dariya. Yaron da ya fito daga ƙauye ko daga ruga ana kwaikwayon harshensa har ya daina ɗaga hannu. Idan aka zo naɗa shugabannin ɗalibai, sai a duba ɗan wane ne kafin a duba halinsa. Idan ɗan mai kuɗi ya yi laifi a ce yarinta ce, idan ɗan talaka ya yi irinsa a tara makaranta a zane shi. Alhali kuwa mun haddace ƙissar matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, aka nemi a yi mata ceto saboda darajar gidansu, Annabi (S.A.W.) ya yi fushi, ya bayyana cewa hukunta mai rauni da ƙyale mai ƙarfi shi ne ya halaka al'ummomin da suka gabata. Yaron da ya ga haka shekara shida a sakandare, wane darasi muke zaton zai fita da shi? Zai haddace ayar Hujurat don cin jarrabawa, amma abin da zai yi imani da shi shi ne abin da ya gani.

Tarihinmu kuwa ya nuna akasin wannan. Usama ɗan Zaidu (R.A.), wanda mahaifinsa 'yantaccen bawa ne, mahaifiyarsa Ummu Aimana kuma Bahabashiya, shi Annabi (S.A.W.) ya ɗora a kan rundunar da manyan sahabbai suke ciki, yana saurayi. A zamanin Tabi'ai, Aɗa'u ɗan Abi Rabah, baƙin mutum kuma ba ɗan manyan gida ba, shi ne ya zama abin komawa a fatawa a garin Makka. Da a wasu makarantunmu na yau suka taso, wa ya sani ko za a ba su ko da muƙamin monita.

Sa'an nan ga maganar makafi da kurame da guragu. Suratu Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum (R.A.), makahon da ya zo neman ilimi a lokacin da Annabi (S.A.W.) yake ƙoƙarin jawo manyan Ƙuraishawa zuwa Musulunci. Allah Ya nuna cewa mai neman ilimin nan ya fi cancantar a fuskance shi. Daga baya wannan sahabi ya zama ladani, kuma an sha barin sa ya kula da Madina idan an fita yaƙi. Mu kuwa fa? Abin kunya ne a tuna cewa makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu, 'yan mishan ne suka kafa ta tun 1953, a lokacin da mu muka sallama makafinmu ga sanda da ƙoƙon bara. Yau akwai makarantun gwamnati na musamman kamar ta Tudun Maliki a Kano, amma ba za su iya ɗauke dukan yaran da ke buƙata ba. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta haramta nuna wa nakasassu bambanci, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika ya wuce. Tun 2017 hukumar JAMB take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta musamman. To ta ina makaho zai kai ga wannan jarrabawa idan ƙofar sakandare a rufe take gare shi? Kowannenmu ya duba makarantar da ke kusa da shi, ya gani ko mai keken guragu zai iya shiga aji da banɗaki ba tare da an ɗauke shi ba.

Haka nan 'ya'ya mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, a cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da suke karantar da almajirai a waje amma suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru da jajoji, suka kai karatu ga matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, har zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare. Duk da haka, malamai sun san yadda ajin 'yan mata yake raguwa tsakanin aji uku da aji huɗu. Mu da muke kukan cewa namiji ne yake duba matanmu a asibiti, daga ina muke son likita mace da ungozoma mai ilimi su fito? Raba ajin maza da na mata don kiyaye mutunci abu ne da muke goyon baya, amma ba mu yarda a fake da shi a ba maza ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da ƙwararrun malamai, a bar mata da abin da ya rage ba. Wadda ta yi aure kuma a buɗe mata hanyar ƙarasa karatunta.

Akwai kuma baƙo. Yaron da aka haifa a garin nan, a nan ya yi firamare, amma ranar neman gurbi ko tallafin karatu sai a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, domin kakansa daga wani wuri ya zo. Mu Hausawa mun fi kowa sanin ɗacin wannan, domin 'yan'uwanmu a Jos da garuruwan kudu sun daɗe suna ɗanɗana shi. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini ko jinsi. Abin da muke ƙi a yi mana a can, bai halatta mu yi wa wani a nan ba.

Wannan ya haɗa da ɗalibin da ba Musulmi ba a makarantun gwamnati da ke cikin garuruwanmu. Dukanmu mun yi farin ciki ranar 17 ga Yunin 2022, da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi a Jihar Legas haƙƙinsu na sa hijabi a makarantun gwamnati, bayan shekaru ana shari'a. Sashe na 38 na Tsarin Mulki, wanda ya kare 'yancin addini, yana cikin abin da aka dogara da shi. Wannan sashe ɗin dai shi ne ya hana a tilasta wa ɗalibi karatu ko ibadar addinin da ba nasa ba. Idan muka ci moriyarsa a Legas muka take shi a garinmu, mun zama masu tauye mudu. Kafin Tsarin Mulki ma, aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana mu barin adalci saboda ƙin wasu mutane, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuma ta buɗe ƙofar kyautatawa ga wanda bai yaƙe mu ba. Kyakkyawar mu'amala ta jawo mutane da yawa zuwa addinin nan fiye da yadda tsangwama ta taɓa yi.

Kada a fahimce mu da cewa adalci shi ne a yi wa kowa abu iri ɗaya. Adalci shi ne a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Mai raunin gani haƙƙinsa bencin gaba ne, kurma haƙƙinsa malamin da ya iya maganar hannu, alarammar da ya fito daga tsangaya da Alƙur'ani a ka haƙƙinsa ajin share fage da zai koyi Turanci da lissafi ba tare da an mai da shi abin dariya ba.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin ilimi na rassanmu, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da su ɗauki waɗannan matakai tun daga zangon karatu mai zuwa:

Na ɗaya, a rubuta doka a fili cewa gori da asali ko ƙabila ko sana'ar iyaye ko nakasa laifi ne, kuma hukuncinsa ya hau kan malami kamar yadda ya hau kan ɗalibi. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta riga ta haramta izgili da jifa da miyagun laƙabobi.

Na biyu, a bayyana sharuɗɗan naɗa shugabannin ɗalibai da ba da kyaututtuka kafin a yi zaɓe, kuma hukuncin laifi ya zama ɗaya ga kowa.

Na uku, kowace makaranta tamu ta keɓe gurabe ga marayu da 'ya'yan talakawa, a biya daga zakka da waƙafi, a asirce. A daina kiran sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a gaban taro, domin bashin na uba ne, ba na yaro ba.

Na huɗu, a gyara ƙofofi da banɗakuna, a tura aƙalla malami ɗaya ya koyi maganar hannu ko rubutun makafi.

Na biyar, a riƙa bin sawun duk ɗalibi ko ɗalibar da ta daina zuwa, a je gida a ji dalili, a rubuta, a kawo wa kwamiti.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin al'ummar da take gina masallatan Juma'a da kuɗin taimakon mako-mako. A sahun salla muna tsayawa kafaɗa da kafaɗa, attajiri da ɗan dako, kuma liman ba ya kabbara sai ya ga sahu ya daidaita. Makaranta ita ce wurin da za a gane ko wannan darasi ya bi mu zuwa wajen masallaci. Kowane shugaba da malami makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo, har da yaron nan da ke can baya wanda bai taɓa sanin sunansa ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.