Kada mu ɗora wa kwamfuta laifin yasar da haruffa masu ƙugiya

A hutun bara na koma gida Kona, a ƙasar Tasawa, na naɗi tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi, na rubuta su a kwamfutata ta hannu. Da na buɗe aikin a wata na'ura, sai na tarar ƙananan akwatuna sun maye gurbin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Wani abokin karatu ya ce in yar da ƙugiyoyin in huta, ai kowa zai gane. Wannan shawara nake son in musanta.

Ga masanin harshe, ƙugiya ita ce ke raba ma'ana da ma'ana. Fada daban, faɗa daban, haka kuma kafa da ƙafa, baki da baƙi. Wanda ya naɗi maganar tsohuwa ya zubar da ƙugiyoyi ya sauya abin da ta faɗa, kuma mai nazarin da zai zo bayansa ba shi da hanyar gano asali. Tun taron Bamako na 1966 ake fafutukar daidaita rubutun harsunanmu, a 1999 kuma Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa. Yanzu da kundin ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, sakaci da haruffanta ya ƙara muni.

Galibin abin da muke kira lalacewar na'ura rashin saiti ne kawai. In ka danna A sai Q ta fito, madannanka tsarin QWERTY ne, irin na kwamfutocin da ake sayowa daga Kano, alhali manhajar tana kan AZERTY na Faransanci. Danna maɓallin Windows tare da na tazara ya isa ya sauya tsarin. In U da I da O suna ba da 4 da 5 da 6, Num Lock ne a kunne. Akwatunan da na gani kuwa alama ce cewa salon rubutun da aka zaɓa ba shi da waɗannan haruffa. Charis SIL da Andika suna da su duka, kuma kyauta ne. Windows na da tsarin madannan Hausa, akwai kuma manhajar Keyman. Ko babu su, a cikin Word rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito.

Na yarda akwai lalacewa ta gaskiya. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallai har su ƙi dannuwa, igiyar allon da ta bi ta mahaɗin murfi kuma tana gajiya, allo ya riƙa kyaftawa. Gwajin ba shi da wuya: haɗa wasu madannai ta USB, ko ka haɗa na'urar da talabijin ta HDMI. In komai ya daidaita, to a sannan ne ya dace a kashe kuɗin mota zuwa wajen mai gyara a Tasawa ko Maraɗi.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta keɓe yini guda a farkon kowace shekarar karatu domin saita kwamfutocin sababbin ɗalibai, malamanmu kuma su daina karɓar aikin Hausa da aka zubar wa ƙugiyoyi. Tatsuniyoyin Kona na gyara su cikin minti biyar, da sauya salon rubutu kaɗai.