Raunin Tsufa Da Amanar Tafinta

Zuwa ga Edita. Na zo kuma wannan mako da wata magana wadda ta hana ni barci, ina roƙon malamai da 'yan'uwana akawuna su taimake ni da shawara.

Likitocin Turai da Amurka suna da wata kalma ta Ingilishi da suke kiran halin tsoho wanda ƙarfinsa ya ƙare, har ƙaramin zazzaɓi ko tuntuɓe ya isa ya kwantar da shi. A shekarar 2001 wata likita ta Amurka, Linda Fried, da abokan aikinta suka duba mutum 5,317 masu shekara 65 zuwa sama, suka fid da alama biyar. Su ne rama ba da niyya ba har laba 10 cikin shekara, da yawan gajiya, da sanyin damƙar hannu, da nawar tafiya, da ƙarancin motsa jiki. Wanda ya tara uku, sun ce raunin ya kama shi.

To, ma'auni ya iya auna damƙar hannu, amma bai iya faɗin abin da ke cikin zuciyar tsoho. Don haka masana suka shiga wani irin bincike na zama da tsofaffi ana hira, ana rubuta maganarsu, sa'an nan a gwada ta ƙasa da ƙasa. A 2018 an buga irinsa, wanda aka yi a Italiya da Folan da Ingila, inda aka ji ta bakin tsofaffi da masu jiyyarsu da ma'aikatan lafiya. Tun a 2015 kuwa an gane a Ingila tsofaffinsu ba su son a kira su da kalmar nan, sun ɗauke ta kamar an ce tasu ta ƙare.

Kwanan baya wani likita ya ba ni irin tambayoyin nan in juya da Hausa. Da ma ina taƙama da Turancin da na koya a makarantar Mishan, ashe ban san kome ba. In na rubuta rauni, wani ya zaci miki ake nufi. In na ce gajiyayye, na zagi dattijo. In na ce tsufa, ai ba kowane tsoho ne ƙarfinsa ya ƙare ba, ga masu furfura nan suna noma.

Sai na tafi in gwada wa kawuna, wanda ya yi wata uku bai iya zuwa masallacin Jumma'a ba. Na ce, "Kawu, kana jin ƙarfinka ya ragu?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana, da sauƙi." Kafin in sake tambaya, babban ɗansa ya karɓe maganar. Sai da aka watse ya jawo ni kusa, ya ce abin da ke ci masa rai shi ne a kama shi in zai yi alwala. Da na rubuta amsar farko kaɗai, da wanda ke Ingila ya karanta ya ce tsofaffinmu lafiya lau suke, alhali kunya da godiyar Allah ne suka rufe bakinsu.

Ga abin da na gani ya kamata. A sa tafinta biyu, ɗaya ya juya, ɗayan ya mayar ba tare da ya ga asalin ba, sa'an nan a gwada. A nemi yardar tsoho da kansa, a ɓoye sunansa. Mace ta tambayi mata. A rubuta magana yadda ta fito da harshen mai ita, kada a yi mata ado don ta yi daɗi da Turanci. Kuma mutanen kowace ƙasa su zauna wurin fassara ma'ana, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Jama'a, da irin takardun nan hukumomi ke tsara kulawa da tsofaffi, kuskuren alƙalamin tafinta kuwa a jikin iyayenmu zai ƙare. Har yanzu ban mai da takardar likitan ba, na rubuta raunin tsufa da fensir. Wanda ya san kalmar da ta fi dacewa, ya aiko wa Edita. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.

Ni ne naku,
Wani Akawu.