Man bwat otomatik: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski

A garajojin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai wata magana da ake sallamar mai mota da ita idan aiki ya ɓaci: "Alhaji, sai haƙuri, dama bwat ɗin ya gaji." Mutum ya kai motarsa mai bwat otomatik, wato mai canza giya da kanta, don a yi mata bidanj. Bayan mako biyu ko uku ta fara fizga, ta fara jinkirin shiga giya, daga bisani ta tsaya cik a bakin titi. Idan aka buɗe, sai a tarar man da aka zuba ba nata ba ne. Ra'ayinmu a kan wannan ba shi da kwana-kwana: mai garajin da ya karɓi mota, ya zaɓi mai da kansa, ya karɓi lada, shi ne zai biya ɓarnar.

Sai mu fara da yadda aka yi muka zo nan. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati da matsakaicin ɗan kasuwa, kowa ya koma ga motoci na hannu da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta ƙiyasta a 2020 cewa ƙananan motoci na hannu miliyan 14 suka fita daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma. Waɗanda suka fito daga Amurka kuwa kusan dukkansu otomatik ne. Amma manyan makanikanmu a kan Peugeot 404 da 504 suka koyi sana'a, motocin da bwat ɗinsu na hannu ne, mai haƙuri da man da aka ba shi. Mota ta canza, koyarwar garaji ta tsaya inda take.

A bwat na hannu, aikin mai shi ne ya hana ƙarfe cin ƙarfe. A bwat otomatik aikinsa ya wuce haka nesa. Man ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa bwat ta cikin wata ƙwaryar ƙarfe mai farfela. Shi ke bi ta siraran hanyoyi ya danna fayafayan ambiriyaj don giya ta shiga, shi ke kwashe zafi, kuma santsinsa ne ke ƙayyade yadda fayafayan za su kama juna. Shi ya sa kowane kamfani ya tsayar da nasa: General Motors ya fito da Dexron tun 1967, Ford ya fito da Mercon a 1987, Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1. Nissan kuma na da NS-2 da NS-3 don bwat ɗin da ake kira CVT, wanda ɗamarar ƙarfe ke juya shi, kuma man otomatik na gama-gari guba ne a gare shi. Jan launin da ɗan koyo ke dubawa ya ce "ai duk ɗaya ne", rini ne kawai da aka zuba don a bambanta shi da man inji.

Idan man bai dace ba, fayafayai su dinga zamewa, zamewa ta haifi zafi, zafi ya ƙona su, garinsu ya toshe hanyoyin mai. Bwat mai lafiya yana aiki ne wajen digiri 80 zuwa 90. Ku ƙara masa zafin Afrilu da Mayu a ƙasarmu, da lodi, da yashi. Abin da ya fi muni, ɓarnar ba ta bayyana a ƙofar garaji. Bidanj na yau da kullum ba ya fitar da ko rabin tsohon mai, saboda haka sabon ya gauraya da shi, mota ta ci gaba da tafiya kwanaki kafin ciwo ya fito fili. Wannan jinkiri shi ne mafakar mai garaji: ranar da mota ta kwanta, ya ce lafiya lau ta bar hannunsa.

To, me doka ta ce? Kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ya tanadi wannan tun da daɗewa. Aya ta 1147 ta wajabta diyya a kan wanda ya ɗauki alkawarin aiki bai cika shi yadda ya kamata ba. Aya ta 1382 da ta 1383 sun ɗora wa mutum biyan ɓarnar da ya jawo, ko da gangan ko da sakaci. Aya ta 1384 ta ɗora wa mai gida alhakin abin da ma'aikacinsa ko ɗan koyonsa ya ɓata a bakin aiki, don haka "yaro ne ya zuba, ba na nan" ba hujja ba ce. A Faransa, babbar kotun ƙasar ta yanke a ranar 11 ga Mayu 2022 cewa idan matsala ta taso ko ta ci gaba bayan aikin mai garaji, ana ɗaukar laifinsa ne har sai ya kawo shaidar da za ta wanke shi. Wannan hukunci bai ɗaure alƙalanmu ba, amma tushen dokar ɗaya ne, kuma hankali ya yarda da shi: wanda ya san sana'a shi ya fi iya bayyana abin da ya faru.

Kada wani ya ce dokar Nasara ce. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya yi aiki a kansu ba a gaban mai su ba, shi ke lamuninsu, sai fa in an sami shaidar cewa sun lalace ba da hannunsa ba. Maɗinkin da ya ɓata shadda yana biya, kowa ya san haka a kasuwa. Me ya sa makaniki zai fita daban?

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Akwai mai motar da ke zuwa da mansa a hannu, wanda ya saya a bakin tasha cikin kwalbar da ba ta da suna, don ya rage jika biyu. Idan makaniki ya gargaɗe shi ya ƙi ji, to wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai kuma jabun mai cikin bido mai kyan gani, wanda ke yaudarar makanikin kirki. A nan mai garaji ya biya mai mota, sannan ya bi wanda ya sayar masa. Akwai bwat ɗin da da ma ya kusa mutuwa. Amma duk wannan, makaniki ne ya kamata ya faɗa kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya. Gargaɗin da aka yi bayan ɓarna ba gargaɗi ba ne.

Inda masu mota ke faɗuwa shi ne shaida. Aya ta 1315 ta ce mai da'awa shi ke kawo hujja, mu kuwa cinikinmu na garaji duk da baka ne. Ɗan kasuwar da ba ya sakin buhun shinkafa ba tare da rubutu ba, da ma'aikacin da ke kwana cikin takardu, su ne ke miƙa makullin motar miliyoyi ba ko guntuwar takarda. Sunan man da ya dace yana cikin littafin mota, sau da yawa ma an buga shi a kan sandar auna mai. Ku nemi a buɗe bido a gabanku, ku tafi da fankon. Ku nemi faktir mai kwanan wata da kilomita da sunan mai da yawan lita da tambarin garaji. Idan mota ta fara fizga, ku tsayar da ita, kada ku bari wanda ya zuba man ya zubar da shi. Ku kira wisiye ya rubuta abin da ya gani, a ɗebi man a ajiye. Da wannan a hannu, ko sulhu a gaban shugaban makanikai ya fi sauƙi, balle kotu.

Hukuma ma da nata. Majalisar masu sana'ar hannu, CMANI, da asusun horar da sana'a, FAFPA, su sa bwat otomatik cikin horon makanikai. Ma'aikatar kasuwanci ta leƙa rumfunan da ke sayar da mai. Ƙungiyoyin makanikai su mayar da faktir al'ada, don takarda tana kare makanikin kirki daga ƙazafi kamar yadda take kare mai mota daga sakaci.

Motar ma'aikaci bashin shekaru ce, ta ɗan kasuwa kuma jari ce. Makanikin da bai san man wata mota ba, ya ce bai sani ba, ya tura ta gaba. Wannan ba abin kunya ba ne. Wanda ya karɓi lada kuwa, ya shirya biya idan ya ɓata.